Miliyan cif ko miliyan da jika takwas: wace jimilla ta fi dacewa da jarin ƙungiya?

Duk ƙungiyar da ta zauna yanke yawan jarin da za ta tara a Damagaram, ko ta mata masu asusu ce a Garin Malam, ko ta dukawa a Birni, ko ta samari 'yan kabu-kabu masu son sayen babur na haɗin gwiwa, kusan kullum baki kan zo ɗaya a kan miliyan guda. Miliyan tana da daɗin faɗi, tana da kwarjini a takarda, ba a kuma mantawa da ita. Aibinta ba ya fitowa sai ranar rabo. Mutum goma sha biyu in suka raba miliyan, kowa zai tashi da sefa 83,333, tamma huɗu, wato sefa huɗu, su yi saura. Babu mai irin wannan canji a aljihu, saboda haka dole wani ya haƙura ko wani ya ci ƙari, kuma daga irin wannan ƙaramin abu ne ƙorafi kan fara tsira tsakanin mutanen da suka taru don su taimaki juna.

Jimilla huɗu nake son mu auna: 1,000,000 da 720,720 da 1,008,000 da 1,260,000. Akwai wasu da za su leƙo a hanya, amma waɗannan su ne manya.

Wani zai ce me ya kawo wahala, a yanke wa kowa zubinsa mana, jika saba'in ko tamanin (jika ɗaya sefa dubu ce), jimilla ta zama abin da ta zama. Gaskiyarsa, kuma in mutanen ƙungiya sun tabbata, ba mai shiga ba mai fita, hakan ya isa. Sai dai sau da yawa jimillar ce ake fara yankewa. Lamuni ake nema, dole a rubuta adadi kafin a san mutum nawa za su sa hannu. Ko injin niƙa ake son saye, ko hatsi ake son ajiyewa da kaka a fitar da bazara. Yau mutum goma sha biyar ne, gobe ɗaya ta yi aure ta tare a Magarya, jibi biyu sun shigo. Sannan kuɗin nan ba sau ɗaya ake raba su ba. A raba su kan mutane, a raba kan watannin biya, wata rana kuma, in ta Allah ta kasance, a raba kason wani kan magadansa. Jimillar da za ta jure duk waɗannan rabe-rabe ba tare da ta bar ɓarɓashi ba, ita ake nema.

Kowace lamba da tubalanta aka gina ta, kamar katangun gidajen Birni. Tubalan su ne lambobin da ba abin da ke raba su sai ɗaya da su kansu: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, haka dai har ba iyaka, abin da Iklidis na Girka ya tabbatar shekara wajen 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Zan kira su gagara-rabo. Sittin, alal misali, 2 sau 2 sau 3 sau 5 ce. Ƙa'idar da duk wannan bayani ya rataya a kanta guda ce: lamba ba ta rabuwa da abin da babu tubalansa a jikinta. Sittin ta rabu gida shida domin tana da 2 tana da 3. Ba ta rabu gida bakwai ba domin ba 7 a cikinta, ba ta rabu gida tara ba domin 3 ɗinta ɗaya ce tak, tara kuwa biyu take bukata. Daga tubalan nan kuma ake sanin lambobi nawa ne ke raba ta: ka ƙirga sau nawa kowane tubali ya fito, ka ƙara ɗaya a kan kowanne, ka ninka su da juna. A sittin 3 sau 2 sau 2 ke nan, wato lambobi 12.

To, mu buɗe miliyan. Ba komai a cikinta sai 2 guda shida da 5 guda shida. Babu 3, babu 7. Masu raba ta 49 ne, 7 sau 7, amma mafi yawansu manya ne da ba ruwan ƙungiya da su. Daga 1 zuwa 30, lambobi tara kaɗai ke raba ta ba saura: 1, 2, 4, 5, 8, 10, 16, 20 da 25. Na tsaya a talatin ne domin ƙungiyoyin asusu da na sani, har da masu bin tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maradi a 1991, ba su cika wuce haka ba. Mutum uku ba za su raba miliyan daidai ba, haka shida, bakwai, tara, sha biyu, sha huɗu, sha biyar, sha takwas. Wata goma sha biyu ma ba za su raba ta ba, ga shi kuwa yawancin biyan bashi a kan wata-wata ake tsara shi.

Ba zan zalunce ta ba, tana da nata alheri. Takarda ɗari ce ta jika goma-goma, ƙirga ɗaya an gama. Kashi ɗaya cikin ɗari nata jika goma ne, ɗaya bisa arba'in irin na zakka jika ashirin da biyar, duk ba sai an ɗauko alƙalami ba. Ƙungiyar da ta tabbata mutum goma ce, ko ashirin, ko ashirin da biyar, kuma a wata goma za ta biya, ba ta da dalilin guje mata. Amma daga ranar da mutum ashirin suka zama ashirin da ɗaya, miliyan ta daina yi musu aiki.

Ɗan lissafi in ka kai masa wannan kuka, 720,720 zai miƙo maka, kuma yana da hujja mai ƙarfi. Tubalanta 2 guda huɗu, 3 guda biyu, sai 5, 7, 11 da 13 ɗai-ɗai. Masu raba ta 240 ne, kusan ninki biyar na miliyan, alhali ba ta kai miliyan ba. A duk lambobin da ke ƙasa da miliyan babu wadda ta wuce 240, kuma ita ce ta farko da ta kai can. Ita ce kuma mafi ƙanƙantar lamba da duk lambobi daga 1 har 16 ke raba ta, ba tsallake. Irin waɗannan lambobi, waɗanda kowace ta fi duk na ƙasa da ita yawan masu raba ta, su ne Srinivasa Ramanujan, masanin lissafi ɗan Indiya, ya yi dogon nazari a kansu ya buga a Ingila a 1915. Jerin nasu ya fara da 1, 2, 4, 6, 12, 24, 36, 48, 60, 120, ya bi ta 360, 840, 1260, 2520, 5040, ya iso 720,720, daga ita sai 1,081,080 mai 256. Mai lura zai ga 12 da 24 da 60 da 360 a ciki, wato watannin shekara, awoyin yini da dare, mintocin awa da darajojin da'ira. Malamanmu na ilmin gado ma sun daɗe da sanin ƙimar 12 da 24, su ne manya a cikin asalai bakwai da ake fitar da rabi, rubu'i, sumuni, sulusi, sulusi biyu da sudusi daga gare su.

Daga 1 zuwa 30, lambobi 24 ne ke raba 720,720. Shida kaɗai suka gagare ta: 17, 19, 23, 25, 27 da 29. A kan allo babu kamarta, kuma ina ganin duk mushen da ke koyar da rabawa a lakwal ya kamata ya taɓa rubuta ta ga ɗalibansa, su raba ta da 7 su samu 102,960, da 11 su samu 65,520, da 13 su samu 55,440, su ga yadda take buɗewa ta kowane gefe.

Amma kuɗi ba a kan allo ake raba su ba, a kan tabarma ne. Mu a nan da dala muke ƙirga, dala kuwa tamma biyar ce. Ƙwandalar tamma ɗaya tana cikin kuɗin da babban bankin BCEAO ya buga, sai dai da wuya ka gan ta a hannun wani a kasuwar Dole. Dala da dala biyu ma neman su ake yi, shi ya sa mai tebur kan cika maka canji da alewa ko ashana. Ƙaramin kuɗin da ke yawo sosai dala biyar ce, tamma 25. Idan aka dawo da 720,720 cikin dala, 144,144 ce, kuma a nan ta yi asarar 5 ɗinta guda ɗaya tilo. Mutum biyar in suka raba 720,720 ɗin kowa tamma 144,144 zai samu, mutum goma 72,072, sha biyar 48,048, ashirin 36,036, talatin 24,024. Lissafi ya fita cif, amma ba ɗaya a cikinsu da za a iya ƙirga wa mutum a tafin hannu. In kuwa aka ce sai da dala biyar-biyar za a biya, ko rabo ɗaya ba zai fita ba, domin ita kanta jimillar ba ta rabuwa da 25. Mutum sha biyu da za su biya ta a wata sha biyu, kowa jika biyar da dala guda zai riƙa kawowa duk wata, kuma ma'aji zai ƙare shekararsa yana farautar dala. Ko ta waya aka tura kuɗin, ranar cirewa hannu za su dawo, matsalar tana nan.

Saboda haka ba na ba kowace ƙungiya shawarar ta sa 720,720 a matsayin kuɗi. Inda take da amfani shi ne abin da a takarda kawai ake raba shi, kamar yawan hannayen jari na kamfanin da ake sa ran zai daɗe, ya ratsa magada da magadan magada. Can babu ƙwandala, kowane kaso lamba ce a littafi, kuma 11 da 13 da ke jikinta za su yi rana.

Abin da 720,720 ta koya mana shi ne a nemi lambar da ke da 3 da 7, a kuma bar mata isassun 2 da 5 da za su mai da kowane kaso kuɗin da ake iya riƙewa. Nan ne 1,008,000 ta shigo, miliyan da jika takwas. A hannu takarda ɗari ce ta jika goma-goma, da jika biyar ɗaya, jika biyu ɗaya, jika guda ɗaya. Ƙarin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, amma cikin lambar ya sauya gaba ɗaya: 2 guda bakwai, 3 guda biyu, 5 guda uku, 7 guda ɗaya. Masu raba ta 192 ne, inda miliyan ke da 49. Daga 1 zuwa 30, lambobi 21 ne ke raba ta, inda miliyan ke da tara.

A duba yadda kason ke fita. Mutum uku, jika 336 kowa. Shida, 168. Bakwai, 144. Takwas, 126. Tara, 112. Sha biyu, 84. Sha huɗu, 72. Sha shida, 63. Sha takwas, 56. Ashirin da ɗaya, 48. Ashirin da huɗu, 42. Ashirin da takwas, 36. Duk waɗannan jika ne cikakku, ba ko dala a kai. Mutum biyar, goma, sha biyar, ashirin da talatin su ma suna raba ta, sai dai kasonsu da ɗan wutsiya: 201,600 da 100,800 da 67,200 da 50,400 da 33,600, wutsiyar da ƙwandalar dala ashirin ke biya. Wuri ɗaya kaɗai take ɗan tuntuɓe, a mutum ashirin da biyar, inda kowa zai samu 40,320, sai an nemo dala huɗu.

Rabo na biyu, na wata-wata, shi ya fi burge ni. Mutum sha biyu a wata sha biyu, jika bakwai kowa duk wata. Mutum sha huɗu, jika shida. Ashirin da ɗaya, jika huɗu. Ashirin da takwas, jika uku. Mutum bakwai, jika sha biyu. In ƙungiya ce za ta biya a dunƙule, wata 18 jika 56 ne, wata 24 jika 42, wata 36 jika 28. Idan akwai wani abu da mai ba da lamuni ya ɗora a kan uwar kuɗi, to jimillar da za a mayar ita ake aunawa da wannan ma'auni, ba wadda aka karɓo ba.

Na taɓa zama a taron wata ƙungiyar mata a Zango, su sha huɗu, masu sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ma'ajiyarsu, dattijuwa, ta baje kuɗin zubi a faifai, takardu gefe ɗaya an danne su da kwano, ƙwandaloli an jera su goma-goma. Mai rubuta musu littafi wata ɗaliba ce, ɗiyar ɗaya daga cikinsu. Ta danna wayarta ta ce, "Inna, miliyan in muka raba mu sha huɗu, kowa 71,428 ne, tamma takwas su rage. In muka ƙara jika takwas a kai, kowa jika saba'in da biyu ne cif." Dattijuwar ta ɗago ta ce, "'Yar nan, mu da ke neman sauƙi, ƙari kuma za ki kawo mana?" Yarinyar ta ce, "Inna, ƙarin kowa bai kai dala ɗari da ashirin ba a shekara gaba ɗaya. Kuma duk wata jika shida-shida ne, ba canji." Dattijuwar ta yi shiru tana motsa yatsu, ta ƙirga shida sau sha biyu da bakinta, ta ce, "Saba'in da biyu. To rubuta." Ba ta tambayi tubalan lamba ba, ba ta kuma bukatar su. Ita ce za ta riƙa karɓar zubin, ta san abin da jika shida cif ke nufi a ranar da mata sha huɗu suka zo kowa na gaggawar komawa kan tukunya.

Akwai wani abu a jikin wannan lamba da ya kamata a sani. Idan aka ƙirga 1,008,000 da ƙwandalar dala arba'in, wato tamma 200, guda 5040 za a samu. Wannan 5040 ita ce Aflatun, masanin falsafar Girka, ya zaɓa a littafinsa na dokoki ta zama yawan gidajen birnin da yake ganin ya fi tsaruwa, kuma dalilinsa namu ne: tana rabuwa da kowace lamba daga 1 zuwa 10, da 12 ma, don haka rabon gonaki da haraji da aikin gayya zai zo da sauƙi. Ya lura 11 ta gagare ta, ya ce a cire gida biyu magana ta ƙare, kuma haka ne, 5038 ita ce 11 sau 458. Ƙungiyar da ke son rubuta jarinta hannu-hannu tana iya cewa hannu 5040 a kan dala arba'in-arba'in, ko hannu 1008 a kan jika-jika.

Ta fuskar gado ma tana da sauƙin kai. A ce ɗan ƙungiya mai kason jika 84 ya rasu ya bar mata, uwa, uba, 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Sumunin mata 10,500, sudusin uwa 14,000, na uba 14,000, saura 45,500 a kasa biyar, mace ta ɗauki 9,100, kowane namiji 18,200. Rabon gado aikin malamai ne da alƙali, kuma ba kowace mas'ala ke fita haka sumul ba, amma wanda ya kawo musu 84,000 ya sauƙaƙa musu fiye da wanda ya kawo 83,333.

Sai 1,260,000. Tubalanta 2 guda biyar, 3 guda biyu, 5 guda huɗu, 7 guda ɗaya, masu raba ta 180. Lambobi 21 ɗin nan da ke raba 1,008,000 daga 1 zuwa 30, su ne dai ke raba ta, ba ƙari ba ragi. Bambancin yana wurin da jika cikakku ke faɗowa. Ita ta fi son biyar-biyar: mutum biyar jika 252, goma 126, sha biyar 84, ashirin 63, talatin 42. A takwas, sha shida da ashirin da huɗu ne take fitar da wutsiya, 157,500 da 78,750 da 52,500. Ba kuma inda take neman abin da ya gaza dala biyar, har a mutum ashirin da biyar, inda kowa zai samu 50,400. Ta nan ta fi 1,008,000 tsabta. Amma ta fi miliyan da jika 260, kuma wannan ba ƙaramin nauyi ba ne ga mai sayar da ƙosai ko mai ɗinkin takalmi. Kada a ɗora wa mutane bashin da ba su bukata don lissafi ya yi kyau. Wanda dama bukatarsa ta kai wajen miliyan da rubu'i, shi ne zai tsaya a 1,260,000 maimakon 1,250,000, wadda ita ma, kamar miliyan, ba ta da komai sai 2 da 5.

Ga waɗanda ƙarfinsu bai kai miliyan ba, 840,000 ce 'yar'uwarta ta ƙasa. Jika 840 na rabuwa cif da 1 har zuwa 8, da 10, 12, 14, 15, 20, 21, 24, 28 da 30. Rauninta 3 ɗaya gare ta, don haka tara da sha takwas sun fi ƙarfinta. Ko 900,000 ma, da ba ta da 7, lambobi 17 ke raba ta daga 1 zuwa 30, kusan ninki biyu na miliyan.

A littattafan lissafi za a ga ana kasa manyan lambobi ta wasu fuskoki, kuma yana da kyau a san waɗanda ba su shafi wannan zaɓi ba. Miliyan murabba'i ce, 1000 sau 1000, kuma 100 sau 100 sau 100 ce, shi ya sa ma yawan masu raba ta ya zama mara, domin lambar murabba'i kaɗai ke da wannan hali. Sauran ukun ba murabba'ai ba ne, kuma hakan bai rage su da komai ba a wurin rabo. Akwai kuma tsohon kashi na Nikomakus, wanda Sabit ɗan Ƙurra ya fassara littafinsa zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9: ka tara duk masu raba lamba ban da ita kanta, in jimillar ta yi daidai da ita cikakkiya ce, kamar 6, 28, 496 da 8128, in ta gaza tauyayyiya ce, in ta wuce mai rara ce. Duka huɗun namu masu rara ne. Na miliyan sun taru a 1,480,437, na 720,720 sun kai 2,529,072, fiye da ninki uku da rabi nata. Abin sha'awa ne, amma tunda ya zuba miliyan da 720,720 a kaso ɗaya, ba zai taimaki ma'aji ya zaɓa ba.

Gagara-rabo su ne can ɗaya ƙarshen. Akwai 78,498 daga cikinsu a ƙasa da miliyan, mafi girma 999,983, ta farko a sama da miliyan kuma 1,000,003. Suna da babban aiki a duniya, domin a kan wuyar warware lambar da aka haɗa daga manyan gagara-rabo biyu aka kafa tsarin ɓoye saƙo na RSA a 1977, wanda har yau ake kare mu'amalar kuɗi ta intanet da shi. A kuɗin hannu ba za ka gamu da su kai tsaye ba, tunda duk abin da aka ƙirga da dala, in aka mai da shi tamma, 0 ko 5 ke ƙarshensa. Ta wurin jika suke ɓullowa. 991, 997, 1009 da 1013 duk gagara-rabo ne. Jika 1008 lambobi 30 ke raba ta, jika 1009 biyu kacal, ita da ɗaya. Don haka in an ce jika takwas, takwas ɗin ake nufi. Wanda ya ce bari ya cika ta tara don kyautatawa ya rushe aikin duka.

Ba sai da na'ura ake gane waɗannan abubuwa ba. Ka tara alƙaluman lamba, in abin da ya fito ya rabu da 3 ita ma za ta rabu, in ya rabu da 9 haka. Na 1,008,000 tara ne, na 1,260,000 tara ne, na miliyan ɗaya ne. Na 7 da 11 da 13 kuwa dabara ɗaya ce ke kama su duka, domin 7 sau 11 sau 13 shi ne 1001. Ka yanka lambar uku-uku daga dama, ka haɗa yankin farko da na uku, ka ɗauki bambancinsu da na tsakiya. A 1,008,000 ɗaya ne da takwas, bambanci bakwai, don haka 7 na raba ta, 11 da 13 ba sa yi. A 1,260,000 bambancin 259 ne, wato 7 sau 37. A 720,720 sifili ne, duka ukun sun shiga, kuma haka duk lambar da alƙaluma uku suka maimaita kansu a cikinta take. A miliyan ɗaya ne, shi ya sa ko da 7 ka raba ta, ko da 11, ko da 13, tamma ɗaya ce ke saura.

Wannan 1001 ita ce mafita ga ƙungiyar da ta tsaya a mutum sha ɗaya ko sha uku, waɗanda 1,008,000 da 1,260,000 duk ba sa yi musu. Su ɗauki 1,001,000, miliyan da jika guda. Sha ɗaya jika 91 kowa, sha uku jika 77, bakwai jika 143, ashirin da biyu 45,500, ashirin da shida 38,500. Masu zubin mako-mako ma ita ta fi musu, domin makonnin shekara 52 ne, wato 4 sau 13, kuma 1,001,000 a mako 52 tana ba da 19,250 duk mako. In ana son abin da ya fi haka santsi, 1,040,000 jika ashirin ce duk mako. Amma 1,001,000 ba ta da 3, don haka ranar da sha ɗaya suka zama sha biyu sai an sake zama. Masu tsoron haka su duba 990,000: tana rabuwa da 9, 10, 11 da 12 a jere, 110,000 da 99,000 da 90,000 da 82,500.

Ni dai in ƙungiya ta zo mini tana maganar miliyan, ba ta kuma tabbatar da yawan mutanenta ba, 1,008,000 nake ce mata ta rubuta, domin ita ce ta ba da mafi yawan sauƙi da mafi ƙarancin ƙari. In mutanenta a goma, sha biyar, ashirin ko talatin suke yawo kuma bukatarsu ta kai, 1,260,000, in ba ta kai ba, 840,000.

Saura 17, 19, 23 da 29. Babu jimilla ɗaya kusa da miliyan da za ta haɗa su duka da sauran, domin kowace tubali ce mai zaman kanta, kuma ninka su huɗun kaɗai ya kai 215,441 tun ba a sa 2 ko 3 ko 5 ba. Ƙungiyar da yawanta ya faɗa a kansu ta yanke daga kason mutum ɗaya: sha bakwai a jika sittin-sittin 1,020,000, sha tara a jika hamsin-hamsin 950,000, ashirin da uku a jika arba'in-arba'in 920,000, ashirin da tara a jika talatin da biyar-biyar 1,015,000. In kuwa an riga an karɓo 1,008,000 sannan yawan ya koma sha bakwai, a ba kowa jika 59, wato 1,003,000, jika biyar da ta rage a zuba ta a asusun gaggawa na ƙungiya, a rubuta a littafi a gaban kowa a ranar.